A bar wa matan karkara lokacin hirarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina ganin ana raina shi, wato hirar da matan karkara suke yi a tsakaninsu game da gidajensu da danginsu da sunayen 'ya'yansu. Duk lokacin da aka tashi yin rubutu a kan waɗannan mata, abin da ake kawowa shi ne nisan asibiti da ƙarancin makarantu da wahalar ruwa da nauyin aikin gona, kuma duk gaskiya ne, ba na musun ko ɗaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2011 cewa mata ne kusan kashi 43 cikin 100 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa, kuma tun shekarar 2008 ake ware ranar 15 ga Oktoba domin tunawa da matan karkara a duniya baki ɗaya. Amma ba kasafai ake tambayar inda matar da ke ɗauke da wannan nauyi take samun wadda za ta jingina da ita ba. A iya abin da na gani cikin shekarun da na yi ina aiki a tsakaninsu, amsar tana cikin wannan hira da maza da yawa, har da wasu mata 'yan boko, suke kira surutun banza.

Ya kamata mu fara tuna halin da mace take samun kanta a karkara. A mafi yawan al'ummomin manoma da makiyaya na duniya, mace ce take barin gidansu ta koma inda mijinta yake, shi kuwa yana nan cikin iyayensa da 'yan'uwansa da abokan da suka yi ƙuruciya tare. Ita takan iso ne baƙuwa, kowa a wurin dangin miji ne ko maƙwabcin da ya san shi tun yana yaro, kuma duk kalmar da ta fito daga bakinta ana iya auna ta, a juya ta, a kai ta inda ba ta aike ta ba. Takwararta ta birni tana da wurin aiki ko makaranta inda za ta haɗu da sa'o'inta, tana kuma iya hawa mota ta je ta ga ƙawarta ta dawo kafin rana ta faɗi. Ta ƙauye kuwa gidaje na iya yin nisa da juna, aiki ba ya ƙarewa, kuma mahaifiyarta da yayyenta suna can wani gari da ba ta zuwa sai da babban dalili. Irin wannan mace tana bukatar aminiya fiye da kowa, amma ita ce ta fi kowa dalilin yin taka-tsantsan wajen zaɓenta. Ba za ta fara da maganar mijinta ba, domin ba ta san ko wadda take gaya wa 'yar'uwarsa ce ba. Ba za ta fara da maganar rashin da ke damunta ba, domin mutunci ya hana. Abin da ya rage mata wanda ba shi da haɗari, wanda kuma kowace uwa take son a tambaye ta, shi ne maganar yaron da ke bayanta.

Na ga yadda hakan yake faruwa a kan bencin jiran rigakafi. Wata yarinya mai jego tana zaune a ƙarshen benci, ba ta ce da kowa uffan ba tun da ta zo, jaririyarta tana ta kuka ta rasa yadda za ta yi da ita. Wata dattijuwa da ta rako jikanta ta matso kusa, ta leƙa fuskar jaririyar, ta ce, "Tubarkalla. 'Yar nan, yaya sunanta?" Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ummi muke ce mata, Inna. Sunan mahaifiyata aka sa mata." Dattijuwar ta ce, "Allah sarki. Tana nan da rai?" Ta ce, "Ta rasu ina da cikin wata bakwai." Dattijuwar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Miƙo mini ita." Ta karɓi jaririyar, ta kwantar da ita a kan cinyarta, ta duba cibiyarta, ta sassauta zanen da aka naɗe ta da shi wanda ya matse mata ciki, ta ɗora ta a kafaɗa tana ɗan bubbuga bayanta har ta yi gyatsa ta yi shiru. Kafin layi ya zo kansu, dattijuwar ta san unguwar da yarinyar take, ta san ba ta da wata babba a kusa da za ta nuna mata yadda ake kula da jariri, ta kuma yi mata alkawarin leƙowa. Tambaya ɗaya ce ta buɗe duk wannan, kuma tambaya ce da ba ta tozarta kowa ba. Da dattijuwar ta ce mata, "Me ke damunki?" na tabbata amsar da za ta samu ita ce "Ba komai."

Dalilin da ya sa tambayar suna take da wannan ƙarfi shi ne, kusan a ko'ina a duniya sunan yaro yana ɗauke da wani yanki na tarihin uwarsa. Wani an sa masa sunan kakan da ya rasu, wani sunan wanda ya taimaki gidan a lokacin tsanani, wata kuma sunanta yana nuna ranar da aka haife ta ko halin da ake ciki a lokacin. Marigayi Kofi Annan, tsohon Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, cikakken sunansa Kofi Atta Annan ne, kuma duk mutumin Akan na ƙasar Gana da ya ji wannan suna ya san an haife shi ranar Juma'a kuma tagwaye ne, tun kafin a gaya masa. Haka wanda ya ji Taiwo da Kehinde a wurin Yarbawa, ko Talatu da Gambo a wurin Hausawa, ya riga ya ji rabin labari. A al'ummomi da dama akwai sunayen da ake ba yaron da ya zo bayan uwarsa ta binne 'ya'ya, kuma macen da ta taɓa ɗanɗana wannan baƙin ciki tana gane irin sunan nan take, ta san da wa take magana, ta kuma san yadda za ta tausasa harshenta. Ko a cikin Alƙur'ani mai girma, a surar Ali Imrana, an ba mu labarin matar Imrana tana kai kukanta ga Ubangijinta bayan ta haihu, kuma a cikin abin da ta faɗa har da cewa ta sa wa jaririyar suna Maryam. Uwa ba ta ɗaukar sunan ɗanta da wasa, shi ya sa wadda ta tambaye ta sunan, ta riƙe shi, ta kuma tambayi lafiyar yaron da sunansa bayan mako biyu, ta riga ta sami wuri a zuciyarta.

Akwai kuma wani abu. A wurare da yawa da sunan ɗanta ake kiran mace bayan ta haihu. Larabawa suna cewa Ummu wane, masu magana da Suwahili suna cewa Mama wane, mutanen Koriya ma suna kiran mace uwar wane, mu ma haka muke yi. Saboda haka sanin sunan yaro shi ne sanin yadda za a kira uwarsa cikin girmamawa, ba tare da an kama sunanta gatsau ba, ba kuma tare da an tsaya a nesa ana ce mata baiwar Allah ba.

Daga nan hira takan ci gaba a hankali, kuma wanda bai zauna da su ba ba zai lura da tsarin da ke cikinta ba. Daga suna sai a shiga maganar haƙoran yaro da yaye da rashin barcinsa, daga nan a gangaro kan aikin gida da yadda kowace take raba lokacinta tsakanin gona da murhu, sannan a fara ambaton dangi, wace ce ta yi aure, wane ne ya tafi neman kuɗi bai aiko ba. A cikin wannan duka kowace tana gwada 'yar'uwarta. Takan saki wata ƙaramar magana wadda ko ta fita ba za ta yi ɓarna ba, sannan ta zuba ido ta ga ko za ta dawo mata ta bakin wani. Idan kwanaki suka wuce ba ta ji ta a waje ba, sai ta ƙara wadda ta fi ta nauyi. Da haka ake kaiwa ranar da mace za ta iya cewa, "Yaya, jinin nan bai tsaya ba tun da na haihu, kuma ina jin kunyar gaya wa maigidan," ko ta ce, "Hatsinmu ba zai kai mu kaka ba." Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma kafin mace ta san wace ce abokiyar kukanta, sai ta yi watanni tana hirar da mai wucewa zai ɗauka ba ta da amfani.

Wannan hali ba sabo ba ne, kuma addini bai yi watsi da shi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, labarin mata goma sha ɗaya da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye wa juna komai na halin mazajensu ba, kowace ta faɗi nata, har aka zo kan Ummu Zar'in wadda ta yabi mijinta da mahaifiyarsa da 'ya'yansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce wa A'isha shi a wurinta kamar Abu Zar'in yake a wurin Ummu Zar'in. An kuma ruwaito cewa bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Wanda ya fi kowa sanin darajar lokaci ya girmama ƙawancen matarsa har bayan ranta, to ban ga hujjar magidancin da yake ganin ƙawayen matarsa a matsayin masu ɓata mata lokaci kawai ba.

Ga masu son hujjar da aka auna da alƙaluma, ita ma akwai ta. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nefal, wuri mai duwatsu inda yawancin mata suke haihuwa a gida, masu bincike sun shirya tarukan mata na wata-wata a wasu ƙauyuka, suka bar wasu ƙauyukan ba tare da tarukan ba domin a kwatanta. Wadda take jagorantar kowane taro mace ce 'yar yankin, ba likita ba, kuma aikinta shi ne ta sa matan su tattauna matsalolin ciki da haihuwa da jarirai, su zaɓi waɗanda suka fi damunsu, su nemo mafita da kansu. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2004 ya nuna cewa mutuwar jarirai sabbin haihuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a ƙauyukan da ake tarukan. An sake gwada tsarin a Indiya da Bangladash da Malawi, kuma a 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi, musamman a karkara inda asibiti yake da nisa. Abin lura shi ne ba a kai wa waɗannan mata wani sabon magani ba. An ba su wuri da lokaci su yi magana, sai wadda ta san alamar haɗari ta gaya wa wadda ba ta sani ba, suka tara ɗan abin da za a ɗauki mai naƙuda da shi zuwa asibiti, kuma suka san gidan da za su buga wa ƙofa da tsakar dare.

Haka abin yake a harkar kuɗi. Bankin Grameen da Farfesa Muhammad Yunus ya kafa a Bangladash, wanda ya zama cikakken banki a 1983 kuma suka sami kyautar Nobel ta zaman lafiya tare a 2006, ya gina tsarinsa ne a kan rukunin mata biyar-biyar da suke zaɓen junansu, ana ba su rance ba tare da jingina ba. A Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, inda mata suke haɗuwa kowane mako su yi ajiya su kuma ranta wa junansu, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa a Afirka da Asiya. A duka biyun matan ne suke zaɓen waɗanda za su zauna da su. To da wane ma'auni mace take zaɓen wadda za ta damƙa wa gumin goshinta? Ba ta da takardar shaida, ba ta da lauya. Abin da take da shi shi ne abin da ta tara a hira: ta san wadda take cika alkawari, ta san wadda take mayar da abin aro da wuri, ta san wadda ɗanta yake kwance ba lafiya har ya kamata a ɗaga mata ƙafa wannan makon.

Ko manyan ƙungiyoyin matan karkara na ƙasashen Turawa daga irin wannan bukata ta mata su haɗu su taimaki juna suka samo asali. Adelaide Hoodless ta ƙasar Kanada ta rasa ɗanta yana ɗan wata 14, rasuwar da aka danganta da gurɓatacciyar madara, kuma wannan rashi ne ya sa ta duƙufa wajen ganin iyaye mata sun ilimantar da juna kan kula da gida da yara. A 1897 aka kafa Cibiyar Mata ta farko a Stoney Creek da ke lardin Ontario bayan wani jawabi da ta yi wa matan manoma, tsarin ya isa Birtaniya a 1915, sannan matan karkarar Ostireliya suka kafa tasu ƙungiyar a 1922 domin yaƙi da kaɗaici da rashin asibitocin haihuwa a gonakin da ke nesa da gari.

Ba zan ɓoye cewa hirar mata tana da nata aibin ba, domin masu sukarta ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Bakin da yake ɗaukar labarin alheri shi ne yake iya ɗaukar gulma, kuma na san auren da tsegumi ya girgiza, na san maƙwabtan da suka daina gaisawa saboda an ce an ce. Sai dai maganin wannan ba shi ne a raba mata da juna ba. Macen da aka killace ba ta daina jin magana, sai dai ta rasa wadda za ta tantance mata gaskiya da ƙarya, kuma ita ce ta fi saurin faɗawa hannun mai mugun nufi na farko da ya sakar mata fuska. Matan da kansu sun san mai kai-kawo a cikinsu, suna gaisawa da ita, suna dariya da ita, amma ba sa ba ta abin da zai cutar.

Aibin da ya fi damuna wani ne daban, kuma ga 'yan'uwana mata nake faɗarsa. Idan duk hira ta ta'allaƙa ne a kan 'ya'ya da sunayensu, ina matsayin wadda Allah bai ba haihuwa ba, ko wadda ta haifa suka koma? Takan zauna a cikin taro ana ta ambaton wane ya fara tafiya, wance ta shiga makaranta, ita kuwa ba wanda ya juyo gare ta, wani lokaci ma a kira kowace da sunan ɗanta ita kaɗai a kira ta da sunanta na yanka. Wannan ciwo ne da ba ya fitowa a fuska, kuma sau da yawa masu jawo shi ba su san suna yi ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, wadda ba ta haihu ba, ta gaya wa Manzon Allah cewa duk abokan zamanta suna da alkunya, sai ya ce ta yi alkunya da Abdullahi, ɗan 'yar'uwarta Asma'u, aka riƙa kiranta Ummu Abdullahi. Bai ce mata abin ba shi da muhimmanci ba, ya nemo mata hanyar da za ta shiga cikin sahu. Matan karkara masu hankali suna yin irin wannan: su miƙa wa marar ɗa jariri ta riƙe, su nemi shawararta kan sunan da za a sa, su tambaye ta lafiyar yaran 'yan'uwanta da take riƙo da sunayensu, wata ma ta sa wa 'yarta sunanta. Ina roƙon wannan hali ya yawaita.

Ga magidanta kuwa, roƙona shi ne su daina ɗaukar zuwan maƙwabciya a matsayin barazana. Ranar da naƙuda ta taso kana gona mai nisa, ko zazzaɓi ya kama yaro kana kan hanya, waccan matar da kake jin haushin zamanta a tsakar gidanka ita ce za ta fara isowa, kuma za ta iso ne domin an daɗe ana hira da ita.

Sai ma'aikatan lafiya da malaman gona da jami'an ƙungiyoyin agaji da suke tara matan ƙauye. Na sha ganin jami'i ya iso da takardarsa da agogonsa, ya tarar mata suna gaisawa suna tambayar juna yara ɗaya bayan ɗaya, sai ya tafa hannu ya ce a yi shiru lokaci yana ƙurewa. Ya karanta abin da ya zo da shi, ya tambaya ko akwai mai tambaya, ba wadda ta ce komai, ya rubuta cewa taro ya yi nasara ya tafi. Bai san cewa abin da ya katse shi ne abin da zai sa saƙonsa ya zauna ba, domin bayan tafiyarsa matan za su tattauna maganarsa a tsakaninsu, kuma ra'ayin wadda suka amince da ita ne zai yi rinjaye. Da ya zauna ya bari gaisuwar ta ƙare, da ma'aikaciyar da ke tare da shi ta tambayi sunayen yara biyu ko uku ta kuma tuna da su a zuwa na gaba, da ya ji tambayoyin da ba a taɓa yi masa ba. Ya dace masu tsara irin waɗannan ayyuka su sa wannan lokaci a cikin jadawalinsu tun daga ofis, su kuma bar matan su zaɓi abokan rukuninsu da kansu maimakon a haɗa su bisa jerin sunaye.

A ƙarshe, ya Edita, ina da buƙata a wurin jaridarku. Ku tura wakiliya mace ta je ta zauna da matan karkara, ba ranar wani bala'i ko rabon kayan agaji ba, ta nemi izininsu ta saurari hirarsu, ta tambaye su dalilin sunayen da suka sa wa 'ya'yansu da yadda kowace ta sami aminiyarta a garin da ta zo baƙuwa. Ta sakaya sunan duk wadda ba ta so a ambace ta, ku kuma ware wa abin da ta samo shafi na musamman, ko da sau ɗaya ne a wata, a rubuta shi da irin Hausar da matan suka yi magana da ita domin idan aka karanta musu su gane muryarsu.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam,
Wata mai karanta jaridarku